Buɗe Ƙofar Dam Lokacin Ambaliya: Lissafin da Ake Yi Tun Kafin Kogi Ya Kawo

Duk shekara idan Agusta ta raba, marka ta kankama, sai a ji sanarwa a rediyo cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, ko kuma za a buɗe ƙofofin Kainji da Jebba, don haka mazauna bakin kogi su koma tudu. Abin da yawancin mutane ke ɗauka shi ne wani ma'aikaci ne ya murɗa ƙarfe ya turo musu ambaliya. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ana ɗora shi a kan ranar da ba ita ba. Madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa. Iyakar abin da take iya yi shi ne ta karɓe shi da yawa ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, kuma tana iya yin hakan ne gwargwadon wurin da aka bari fayau a cikinta. Ranar da tafki ya cika maƙil, duk abin da ya shigo sai ya fita, ko ta ƙofa ko ta saman gini. Idan mai kula da dam yana da laifi, galibi ya aikata shi ne makonni uku ko huɗu kafin ambaliyar, lokacin da ya kamata ya buɗe kaɗan amma ya ƙi.

Sai an riƙe ma'auni kafin maganar ta zauna. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato duro biyar. Ana auna gudun kogi da yawan kubik mitar da ke wucewa a sakan ɗaya. Yini da kwana sakan 86,400 ne, saboda haka kogin da ke gudu da kubik mita 1,000 a sakan yana kwashe kubik mita miliyan 86.4 a rana. A Satumbar 2024, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna a Najeriya ta sanar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da kubik mita 100 a sakan, a riƙa ƙarawa a hankali har ya kai 1,000 cikin kwana bakwai. A ambaliyar 2012 kuwa, abin da ke wucewa ta Lakwaja, inda Neja da Binuwai suka haɗe, ya haura kubik mita 30,000 a sakan. Mai karatu ya ajiye waɗannan alƙaluma biyu kusa da juna, za a dawo kansu.

Tafkin madatsa hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai mataccen ruwa, wanda ke ƙasa da bakin kowace mafita, ba a iya fitar da shi, kuma nan laka da yashi ke kwanciya. A samansa akwai ruwan aiki, wanda ake juya injin lantarki da shi, a shayar da gonakin rani, a tura wa birane ruwan famfo. Sama da wannan sai wurin da ake bari domin ambaliya. A ƙarshe akwai tazarar tsaro tsakanin mafi tsayin matakin da aka yarda ruwa ya kai da saman ginin kansa, wadda ba a taɓa ta ko da wasa, domin igiyar ruwa da iska ke tayarwa a nan take ƙarewa.

Matsalar manyan madatsunmu ita ce ba don tare ambaliya aka gina su ba. Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro, na lantarki ne. Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 na noman rani ne da ruwan sha na Kano. Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 a kan Binuwai kudu da Garwa, ta lantarki ce da ban ruwa ga arewacin Kamaru. A irin waɗannan, wurin ambaliya aro ne ake yi daga ruwan aiki na ɗan lokaci. Akan zana jadawali da ke nuna matakin da bai kamata ruwa ya wuce ba a kowane mako na shekara: ƙasa sosai a Yuni da Yuli, ya riƙa hawa a Agusta da Satumba, ya kai cika a ƙarshen damina. Wannan jadawalin shi ne dukan sana'ar. Wanda ya bi shi yana da inda zai zuba ruwan marka idan ya zo. Wanda ya yi kwaɗayin cika tun a tsakiyar Agusta ya sayar da kariyar mutanen da ke ƙasa da shi.

Ga yadda wurin ke ƙarewa da sauri. Faɗin tafkin Lagdo idan ya cika murabba'in kilomita 586 ne, don haka kowace mita ɗaya ta tsayi a can sama tana ɗaukar kubik mita kusan miliyan 586. A ce ruwan da ke shigowa ya fi wanda ke fita da kubik mita 3,000 a sakan. Rarar ta kai miliyan 259 a rana, tafkin na hawa da santimita 44 ke nan kullum. Mitar nan guda da ake gani kamar wuri mai yawa ba za ta wuce kwana biyu da 'yan sa'o'i ba. Idan mita uku aka bari, an sami mako guda, kuma mako guda kan isa ƙololuwar ruwan ta wuce. Bambancin ambaliyar da ta tsaya a fadama da wadda ta shiga gari yakan kasance waɗannan mitoci biyu.

Hanyoyin fitar ruwa uku ne, kuma ƙarfinsu ya sha bamban. Ta farko ta cikin injinan lantarki. Injinan Lagdo huɗu masu ba da megawat 72 gaba ɗaya ba sa haɗiyar abin da ya kai kubik mita 500 a sakan ko da duka suna aiki, kuma injin da ya lalace ko ake gyaransa ba ya wuce da ko ɗigo. Ta biyu bututun ƙasa, wanda ke ba da ruwan ban ruwa da na raya kogi, shi ma ƙarami ne. Ta uku ita ce babbar mazuba ta rarar ruwa, wadda ke iya fitar da dubbai. To amma mazuba a sama take. Sai ruwa ya hau bakinta take fara aiki, kuma yawan abin da take fitarwa ya dogara da tsayin ruwan da ke kanta. Wannan ya sa maganar "ku rage ruwa tun da wuri" take da iyaka: idan tafki yana ƙasa da bakin mazuba, injina da bututu kaɗai ake da su, kuma da su rage mita ɗaya a babban tafki aikin makonni ne. Wanda ya jira har hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ce gobe za a yi ruwa mai ƙarfi ya riga ya makara.

Mazuba ma iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya jawo gardama mai yawa a ƙasar nan. Akwai mai ƙofofin ƙarfe da ake ɗagawa da inji, kamar ta Kainji da Jebba da Shiroro da Lagdo. Akwai kuma wadda ba ta da ƙofa, dakali ne na kankare kawai, ruwa ya kai bakinsa ya tsallake da kansa. A irin ta biyu babu wanda ke buɗe komai. Dakali mai tsawon mita 100 da ruwa ya hau kansa da mita ɗaya yana zubar da kimanin kubik mita 200 a sakan. Idan ruwan ya hau mita biyu, zubar ba ninki biyu take yi ba, kusan ninki uku take yi. Lokacin ambaliyar Jigawa ta Satumbar 2010, an yi ta cewa an buɗe Tiga da Challawa, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta musanta, ta ce madatsun cika suka yi suka tumbatsa. Maganar hukumar tana iya zama daidai, amma ba ta rufe tambayar ba. Tambayar da ta dace a yi wa mai irin wannan madatsa ita ce: a wane mataki ka shiga damina, kuma nawa ka saki ta bututu a Mayu da Yuni da Yuli? A Tiga abin ya ƙara tsanani domin a 1992 an rage tsayin mazubarta da mita 3.5 saboda tsaron ginin, wanda ya rage yawan ruwan da take iya riƙewa sosai, ya sa take saurin tumbatsa.

Yanzu a shiga ɗakin da ake yanke shawara. Abu na farko da injiniya ke bukata shi ne sanin yawan ruwan da ke shigowa, kuma ba kai tsaye ake auna shi ba. Lissafi ake yi: a duba yadda matakin tafki ya canza, a mayar da shi kubik mita ta amfani da teburin da ke nuna yawan ruwa a kowane mataki, a haɗa da abin da aka saki da abin da rana ta shanye. Kuskure kaɗan a nan babba ne. A tafki mai faɗin Lagdo, santimita ɗaya kubik mita miliyan 5.86 ce. Idan iska ta tara ruwa a gefen da ma'auni yake, aka karanta santimita ɗaya fiye da gaskiya tsakanin awa ɗaya da mai bi mata, lissafin zai nuna ƙarin ruwa na bogi da ya haura kubik mita 1,600 a sakan. Shi ya sa ake kafa ma'auni a wurare biyu ko uku a tafkin, a ɗauki matsakaicin sa'o'i shida ko goma sha biyu, kada a zabura a ɗaga ƙofa saboda karatu guda. Teburin kansa ma yana tsufa. An zana shi ne kafin laka ta cika gindin tafkin, kuma bayan shekara arba'in na zaizayar ƙasa daga gonakin da aka sare itatuwansu, wurin da takarda ke cewa akwai ya ragu. Maganinsa a shiga da jirgin ruwa mai na'urar auna zurfi a sake zana teburin duk bayan 'yan shekaru.

Wannan lissafin yana faɗin abin da ya riga ya shigo ne kawai. Abin da ke tafe sai ma'aunan da ke kan rassan kogi can sama, da ma'aunan ruwan sama, da hasashen yanayi. Ma'auni guda mai aiki a nisan kwana biyu sama da tafki ya fi komai daraja a wannan aiki, kuma sau da yawa shi ne ake barin batirinsa ya mutu, ko a sace farantin solarsa ba a maye ba. Ana kuma duba jiƙewar ƙasa. Ruwan milimita 80 a watan Yuni ƙasa ke shanye mafi yawansa. Wannan milimita 80 ɗin a farkon Satumba, bayan ƙasa ta ƙoshi, kusan duka gangarowa yake yi.

Da waɗannan a hannu, ƙa'idojin sakin ruwa ba su da yawa, amma kowacce akwai asarar da ta haife ta. Muddin ambaliyar da ke shigowa na ƙaruwa, abin da ake saki bai kamata ya wuce abin da ke shigowa ba. Idan ya wuce, madatsar ta zama mai ƙara ambaliya maimakon rage ta. Ana ƙara buɗewa ne mataki-mataki, a bar sa'o'i tsakani, domin masunci da ke cikin kwalekwale da makiyayin da ke tsibiri da shanunsa su ga ruwa na hawa su fita. Idan ƙofofi da yawa ne, akan fara da na tsakiya a bi zuwa gefe daidai wa daida, domin buɗe ƙofa ɗaya ta gefe sosai yana sa ruwa ya karkata ya haƙe gindin ginin ko ya ci gaɓa. Ana kuma ƙoƙarin tsayar da jimillar ruwan a ƙasa da abin da kwarin kogin zai iya ɗauka a garin da ya fi rauni, ana haɗawa da ruwan rassan da ke shigowa tsakanin madatsa da garin. Amma akwai matakin da idan tafki ya kai shi, duk waɗannan sai a ajiye su gefe, a buɗe yadda ginin zai tsira. Madatsar ƙasa da duwatsu ba ta jure ruwa ya bi ta samanta. Yana fara tsallakawa sai ya soma cin bayanta, cikin sa'o'i kaɗan ya yanka gibi, abin da aka tara na wata da watanni ya fita a dare ɗaya. Mutanen Kano sun ga haka a madatsar Bagauda a 1988.

Rufewa ma tana da nata hatsarin, ko da yake ba a cika maganarta ba. Gaɓar kogin da ta kwana goma a jiƙe ruwan kogin ne ke tokare da ita. Aka rufe ƙofa farat ɗaya, ruwa ya sauka, sai gaɓar ta zabtare da gonaki da gidajen da ke kanta. Haka fuskar madatsar ta ciki ke iya zamewa idan aka sauke tafki da gaggawa.

Me ya sa, tunda an san duk wannan, ake jinkirin buɗewa? Kuɗi ne da tsoron fari. Kubik mita ɗaya a sakan da ke faɗowa daga tsayin mita 30 tana ba da kimanin kilowat 265. Wanda ya zubar da kubik mita 1,000 a sakan ta mazuba na yini guda ya zubar da ruwan da zai iya ba da wutar fiye da megawat 6,000 ta tsawon awa guda idan da an ajiye shi zuwa rani. Tun 2013 Kainji da Jebba da Shiroro suna hannun kamfanoni masu zaman kansu da ke samun kuɗinsu daga wutar da suka sayar, kuma cikakken tafki yana ba da wuta fiye da ragagge domin ruwan na faɗowa daga sama sosai. Ga kuma fargaba ta gaskiya: idan aka rage ruwa a Agusta saboda hasashen ruwa mai yawa, damina kuma ta ɗauke da wuri, to Garwa da Marwa za su sha duhu a bazara, manoman Kadawa da Kura su rasa ruwan alkama da tumatir. Injiniyan da ya zubar da ruwa ba a yi ambaliya ba, kowa zai san sunansa. Wanda ya riƙe ruwa aka yi ambaliya yana iya cewa ikon Allah ne. Muddin haka lada da hukunci suke, jinkiri zai ci gaba, kuma wa'azi ba zai gyara shi ba. Sai an rubuta jadawalin matakin ruwa a cikin yarjejeniyar da kamfani ya sa wa hannu, an ba wata hukuma ikon tilasta shi, an kuma amince cewa wurin da aka bari fayau hidima ce ga jama'a da ya kamata a biya.

Kainji tana da wata dama da sauran ba su da ita. Neja sau biyu take kawo mata ruwa a shekara. Na farko farin ruwa, mai laka, na daminar kusa, daga kogin Sakkwato da Rima da rassan da ke gangarowa daga Burkina Faso da Benin, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, ya bar lakarsa a can, ya iso Najeriya daga Disamba zuwa Fabrairu. Ke nan Kainji, mai ɗaukar kubik mita biliyan 15, ba ta da hujjar gaggawar cika a Satumba, domin wani ruwan na tafe da sanyin hunturu. Lagdo da Shiroro da Tiga damina ɗaya suke da ita, idan ta wuce sai baɗi, don haka matsin da ke kansu ya fi yawa.

Sannan madatsun ba su kaɗai suke aiki ba. Abin da Kainji ta saki cikin Jebba yake faɗawa, kilomita kusan 100 a ƙasa, kuma tafkin Jebba bai kai kashi ɗaya cikin uku na Kainji ba, don haka ba ya iya riƙe shi ya daɗe. Abin da Shiroro ta saki yana bin kogin Kaduna ya shiga sabuwar madatsar Zungeru, daga nan ya haɗu da Neja a ƙasa da Jebba, ya bi ta ƙasar Nufe zuwa Lakwaja. A Lakwaja Binuwai na jira. Idan ƙololuwar Neja da ta Binuwai suka iso a mako ɗaya, sai a ga abin da aka gani a 2012, lokacin da ma'aunin Lakwaja ya kai mita 12.84, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, da kuma 2022 da ya kai mita 13.22, mutum fiye da 600 suka rasu. Babban amfanin da madatsun Neja za su iya yi wa Lakwaja da Anaca da Bayelsa shi ne su saki nasu tun kafin Binuwai ta kawo, su riƙe lokacin da take wucewa. Igiyar ambaliya a irin waɗannan koguna tana tafiyar kimanin kilomita 100 a rana, don haka akwai kwanakin da za a yi wannan tsari. Abin da ake bukata shi ne kamfanonin da hukumomin su zauna a kan lissafi ɗaya kullum daga Agusta zuwa Oktoba, da wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

A nan ne ya kamata a dawo kan alƙaluman nan biyu, 1,000 da 30,000. Lagdo tana can saman Binuwai, kuma ruwan ɗan yanki kaɗan na kwarin kogin take tarewa. A ƙasa da ita kogin Mayo Kebbi na shigowa, sai Faro kusa da iyaka, sai Gongola a Numan, sai Taraba da Donga da Katsina-Ala, masu gangarowa daga tsaunukan da suka fi ko'ina samun ruwan sama a yankin. Yawancin wannan ruwa babu abin da ke tare shi. Madatsun Dadin Kowa da Kiri suna kan Gongola, Kashimbila na kan Katsina-Ala, amma ba su isa su canza ƙololuwar Binuwai ba. A Oktoban 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce rabon Lagdo a ambaliyar Najeriya bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ana iya jayayya da adadin, kuma ga mutumin Fufore ko Yola ko Numan ruwan Lagdo ba ƙaramin abu ba ne, domin kusa yake da shi kuma a kan cikakken kogi yake sauka. Amma ga Makurɗi da Lakwaja ministan ya fi masu sukarsa kusa da gaskiya. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a Adamawa za ta taimaki garuruwan saman Binuwai idan an gina ta kuma an bar mata wurin ambaliya. Ba za ta tare Taraba da Donga da Katsina-Ala ba, tunda a ƙasa da ita suke shigowa, kuma idan aka cika ta saboda lantarki za ta zama wata Lagdo ce kawai a wannan gefen iyaka.

Akwai kuma lalacewar ƙarfe da kankare, wadda ba ta jiran lissafi. Ƙofar da ba a motsa ta ba tun bara tana iya cijewa saboda tsatsa. Wutar da ke juya injin ɗaga ƙofa takan ɗauke a daidai daren da hadari ya fi ƙarfi, don haka dole a sami janareta da mai a ciki, da hannun murɗawa idan shi ma ya ƙi. Kututturan itace da kainuwa kan toshe bakin mazuba. Hanyar zuwa madatsar kanta ruwa kan yanke ta, ma'aikata su kasa isa. Duk wannan a watan Afrilu da Mayu ake gwada shi, ƙofa bayan ƙofa, a ɗaga a sauke a shafa gires. Haka kuma ƙananan ganuwoyin ƙasa da ke toshe kwaruruwa a gefen tafki, waɗanda ido ba ya kai wa gare su kamar babban ginin, su ne sau da yawa ke fara ba da kai. A daren 9 zuwa 10 ga Satumbar 2024 ruwa ya ɓalle daga madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 daga wuri guda. Alau ƙarama ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na Kainji ba, amma tana kusa da birni ƙwarai, babu tazarar kwanaki da za a yi gargaɗi. Irin waɗannan ƙananan madatsun da ke saman garuruwa sun fi manyan bukatar a riƙa zagaya su a ƙafa kullum da damina, ana duba tsagewa, da ramukan gara da ɓeraye, da ruwa mai laka da ke tsattsafowa ta baya. Tsattsafi mai haske ana sa masa ido. Mai laka yana nufin cikin ginin ne ke fita.

Kogin da ke ƙasa da madatsa shi ma yana canzawa, kuma wannan yana ɓata tsohon lissafi. Tunda madatsa na tare ƙananan ambaliyoyin shekara-shekara, yashi na taruwa a kwarin, ciyawa na kama shi, mutane kuma na ganin fadama ta bushe sai su gina gida su kafa kasuwa. A kwarin Haɗeja, ruwan da ake saki duk shekara ba yankewa ya ba ciyawar kachala damar cika hanyoyin ruwa, har ruwan da da can zai wuce lafiya yanzu yake fantsama cikin gonakin Auyo da Haɗeja da Guri. Adadin da takarda ta ce kogi zai ɗauka a 1980 ba shi ne na yau ba, sai an sake aunawa.

Gargaɗi shi ne rabin aikin da ya rage, kuma a nan muka fi rauni. Sanarwar da ke cewa jihohi goma sha ɗaya su yi hattara ba ta gaya wa manomin Ibi ko zai girbe shinkafarsa ɗanya ko zai jira. Abin da ke amfanar sa shi ne a ce ruwa zai iso ranar Alhamis, zai hau da kamu uku a kan inda yake yau, zai kai alamar ja da ke jikin gada. Hakan na bukatar sanda mai fenti a kowane gari na bakin kogi, kore da rawaya da ja, da taswirar da ke nuna unguwar da ruwa ke shiga a kowace alama, da saƙo da ke bi ta rediyo da wayar hannu da bakin hakimi da dagaci da sarkin ruwa da limamin Juma'a, cikin Hausa da Fulatanci da Nufanci da Tibi. Ya kamata a yi irin wannan sanarwa ko da rani, domin manoman shinkafa na ƙasa da Jebba sun sha kokawa da ruwan da ke zuwa musu bagatatan lokacin da babu ko gajimare. Idan kuma an yi gargaɗi ruwa bai zo ba, a fito a bayyana dalili, in ba haka ba baɗi ba wanda zai tashi.

A Ostareliya, bayan ambaliyar Brisbane ta Janairun 2011, mutane sun kai masu kula da madatsar Wivenhoe kotu, aka shafe shekaru ana bin littafin ƙa'idar madatsar shafi-shafi ana gwada shi da abin da injiniyoyi suka yi awa bayan awa. An iya yin wannan shari'a ne domin littafin a rubuce yake kuma alƙaluman a buɗe suke. Abin da ya kamata majalisun jihohin Neja da Kogi da Adamawa da Jigawa su nema ke nan: kowace babbar madatsa ta wallafa jadawalin matakinta na shekara kafin 1 ga Yuni, sannan daga Yuli zuwa Oktoba ta riƙa fitar da lambobi huɗu kowace safiya, wato matakin tafki, da ruwan da ke shigowa, da wanda ake saki, da santimitar da ta rage kafin cika. Ma'aikatan suna rubuta waɗannan lambobi a littafinsu kullum tun da ma, fitar da su ba ya cin ko kwabo, kuma Hukumar Raya Kogin Neja da ke Yamai, wadda Najeriya da Kamaru da Nijar duk mambobinta ne, tana da hurumin neman Lagdo ta yi haka ita ma.